Sharhinmu: A kai yaran Ɗan Issa bakin tafki kafin rami ya riga mu

Ranar Lahadi 7 ga Nuwamban 2021 wani ramin haƙar zinariya ya rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Issa ta gundumar Madarunfa, ya binne aƙalla mutum 18. Washegari Litinin, tun ba a tashi daga zaman makoki ba, gobara ta kama azuzuwan zana na wata makarantar firamare a birnin Maraɗi, ta kashe yara fiye da 20. Mahukunta sun je ta'aziyya, an ba da umarnin rufe ramukan, an kuma yi alkawarin raba ɗalibai da azuzuwan kara da zana. Duk wannan ya dace. Sai dai shekaru sun shuɗe, akwai tambayar da har yau ba mu ji an ɗauke ta da muhimmanci ba: idan yaro ɗan shekara 13 ya fito daga aji a Ɗan Issa, ina yake zuwa, wa kuma yake jiransa kafin Magariba?

Wanda ya san garin ya san amsar ba ta da daɗin ji. Ɗan Issa na kan hanyar da ta taso daga Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, ita ce ƙofar Najeriya ta wannan ɓangare. Albarkar iyaka tana da yawa, amma tana tafe da nata ƙalubalen. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Duk lokacin da aka rufe babbar hanya, hanyoyin bayan fage ne ke samun kasuwa, kuma masu fasa-ƙwauri sun fi son yaro mai ƙafa da sauri, wanda ba ya tambaya, wanda jika ɗaya ko biyu za ta ishe shi murna. Ga kabu-kabu, ga ramin zinariya da ba ya rasa mai shiga duk da umarnin hukuma, ga tiramol da ake sayarwa kamar alewa. Can yamma kuma ga dajin Baban Rafi da matsalar 'yan bindiga masu satar shanu da mutane, waɗanda su ma sukan nemi yaran da za su riƙa kai musu labari. Mafi yawan yaran Ɗan Issa ba su cikin ko ɗaya daga waɗannan. Suna gona, suna kiwo, suna makarantar allo, suna taya iyayensu talla. Amma duk masu neman yaro don ɓata shi suna nan da yamma, a kan lokaci, da kuɗi a hannu. Ɓangaren masu son gyara shi ne ba kowa.

Shawarar da muke kawowa za ta ba wasu dariya da farko, mun sani. Muna kira ga hukumomin Ɗan Issa da na Madarunfa, da sarakuna, da shugabannin makarantu, su kafa shirin koyar da yara iyo da tuƙin kwale-kwale a Tafkin Madarunfa, kyauta, bayan an tashi daga makaranta da ranakun hutu, tare da manya amintattu da za su riƙa bibiyar karatunsu da halinsu.

Tafkin ba baƙo ba ne ga kowa a jihar Maraɗi. Shi ne babban ruwan da yankin ke tinƙaho da shi, masunta na kama karfasa da tarwaɗa a cikinsa, tsuntsaye masu ƙaura suna sauka a bakinsa, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, waɗanda jama'a ke ziyarta musamman lokacin Mauludi. A shekarar 2019 aka sanya shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Daga Ɗan Issa zuwa bakinsa ba wata tafiya ba ce mai nisa. Amma a tambayi ɗaliban kowane aji a garin su nawa ne suka iya iyo, su nawa ne suka taɓa riƙe filafili. Ruwan yana kusa da su, amma an bar shi ga masunta da baƙi masu ɗaukar hoto.

Wani zai ce me ya sa ba ƙwallo ba, ko kokawa, tun da Maraɗi ce ta haifi Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin kokawar ƙasa a 1975? Ba mu raina ko ɗaya ba. Amma ƙwallo tana ko'ina, ba ta jiran shawararmu, kuma a filin ƙwallo yaro mai baiwa zai iya cin wasa shi kaɗai ya bar sauran suna kallo. Kokawa kuwa mutum ɗaya ne ke fita da takobi. Kwale-kwale dabam yake. Idan yara shida suka shiga, ɗaya ya yi gaggawa ko ya yi lalaci, jirgin karkacewa yake yi, kowa ya gani nan take ba sai an yi wa'azi ba. Wanda ya makara ya tsayar da mutum biyar a bakin ruwa. Wanda ya zo da maye a kansa zai jefa abokansa cikin hatsari, kuma su da kansu ne za su hana shi shiga. Ƙarfin damtse yana da amfani, amma jin maganar na baya mai juya akalar jirgi ya fi shi. Yaron da ya saba da taurin kai yakan ga sakamakon halinsa a cikin minti biyar, abin da malami zai shekara yana faɗa masa a aji bai ji ba.

Nijar ma tana da nata labarin a wannan wasa, ko da yake an fi tuna shi da murmushi. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, wani ɗan Yamai mai suna Hamadou Djibo Issaka, mai shekara 35, wanda sana'arsa aikin lambu ce, ya wakilci ƙasar a tseren kwale-kwalen mutum ɗaya na mita 2,000. Watanni uku kacal ya yi yana koyon wasan kafin ya je. Ya zo na ƙarshe, yana cin fiye da minti takwas a tazarar da gwanaye ke gamawa cikin kusan bakwai. 'Yan kallo sun miƙe suna yi masa tafi, jaridun Ingila suka yi ta laƙaba masa sunaye, har tsohon zakaran Ingila Steve Redgrave ya nuna bai ga dalilin ba shi gurbi ba alhali akwai waɗanda suka fi shi a wasu ƙasashe. A wannan gasa, a kan wannan ruwa, Sizwe Ndlovu na Afirka ta Kudu ya ci zinare tare da abokansa uku, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya yi hakan a tseren kwale-kwale. Shi ma ba ɗan masu hali ba ne. Bambancinsa da Issaka shi ne ya fara tun yana ɗalibi a makarantar Mondeor da ke Johannesburg, inda shugaban makarantar, Tom Price, ya ɗauke shi kamar ɗansa, ya tsaya masa shekara da shekaru. Issaka bai rasa zuciya ba, duniya ta shaida hakan. Abin da ya rasa shi ne babban da zai riƙe hannunsa yana ɗan shekara 15.

Mun kawo wannan labari ne saboda shugaban makarantar, ba saboda zinaren ba. Kada wani ya fahimci cewa muna neman a samar wa Nijar lambar Olamfik ta uku daga Madarunfa, bayan tagullar Issaka Dabore a damben 1972 da azurfar Abdoul Razak Alfaga a takwando a 2016. In ta zo, madalla. Amma a wuraren da irin wannan shiri ya yi nasara, kwale-kwalen ƙugiya ce kawai. A birnin New York na Amurka, wata mata mai suna Amanda Kraus ta kafa ƙungiyar Row New York a 2002 da 'yan mata takwas da jirgi ɗaya na aro, a wani tafki da ke unguwar Queens. Tsarinsu shi ne yaran talakawa ba sa biyan komai, kuma wanda ke son shiga jirgi dole ya zauna a yi masa bitar karatu. A Chicago, Arshay Cooper ya ba da labarin yadda shi da wasu samari na makarantar Manley, daga unguwannin da 'yan daba ba sa ga maciji da juna, suka samu kansu cikin jirgi ɗaya a ƙarshen shekarun 1990; an mayar da labarin fim a 2020. Darasin da ke cikin waɗannan wurare ɗaya ne: yaro yana zuwa don ruwa, sai ya tarar da babban da ya san sunansa, ya san sakamakon jarrabawarsa, wanda zai je gidansu idan ya kwana biyu bai zo ba.

Ba ma buƙatar jiragen Turawa masu tsada da ake zama ana kallon baya. Kwale-kwalen katako da masuntanmu ke sassaƙawa ko haɗawa ya isa, kuma gwanayen tuƙi suna nan a bakin tafkin, sun gaji sana'ar iyaye da kakanni. Bahaushe bai jira Olamfik ba kafin ya san tseren jirgi. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, wasannin kabanci sun haɗa da tseren kwale-kwale da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa. Tsarin Sarkin Ruwa da muƙarrabansa tsari ne na koyarwa da ladabtarwa tun kafin a san kalmar koci. Haka nan dattawan Nijar ba su manta samariya ba, wadda aka farfaɗo da ita zamanin Seyni Kountché, lokacin da kowace unguwa ke da sarkin samari, ana gayya, ana gina azuzuwa, ana wasanni. An yi amfani da ita don siyasa, gaskiya ne, amma ta tabbatar da cewa ƙauyukanmu sun iya tsara matasansu ba tare da jiran mota mai tambari daga Yamai ba.

Yanzu sai maganar da ta fi kowace nauyi, wadda duk uwar da ta karanta wannan sharhi ta riga ta yi ta a zuciyarta: ruwa ba ya wasa. A ranar 30 ga Nuwamban 2021, wato cikin watan da ramin Garin Liman ya rufta, wani jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. An sha ganin irin haka a Kebbi da Sakkwato da Neja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Don haka tsoron iyaye yana kan hanya, kuma duk wanda ya yi masa dariya bai cancanci a ba shi amanar ɗan kowa ba.

Amma a duba abin da ke kashe mutane a waɗannan haɗurra: lodi fiye da ƙima, tsohon jirgi, tafiyar dare ko lokacin iska, babu rigar kariya, sannan fasinjojin ba su iya iyo ba. Hana yaro zuwa bakin ruwa bai magance ko ɗaya daga ciki ba. Yaranmu suna shiga ruwa ko mun so ko mun ƙi. Da damina gulbin Maraɗi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina ya ratsa wannan yanki, yakan cika ya batse, kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini su ma su cika, yara su faɗa ciki a ɓoye ba babba a kusa. Wanda aka hana koyo a gaban malami zai koya a bayan ido, wani lokaci da ransa. Ƙasar Bangladesh, inda nutsewa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, ta ɗauki hanyar da ta dace da talaka: a shirinsu na SwimSafe, ana kafa shinge da dandamalin gora a cikin kududdufin ƙauye, a kewaye wuri mara zurfi, matasan ƙauyen da aka horar su koya wa yara yadda za su yi iyo, su tsaya a kan ruwa, su kuma ceci wani daga bakin gaɓa ba tare da sun faɗa ba. Babu wurin wanka na siminti, babu injin tace ruwa. Abin da aka yi da gora a can za a iya yin sa da itace da igiya a Madarunfa.

Saboda haka sharaɗinmu na farko ba ya da sassauci: babu yaron da zai taka jirgi sai ya ci jarrabawar iyo, babu wanda zai shiga ba rigar kariya ko da ya fi kifi iyawa, kuma duk lokacin da yara ke kan ruwa akwai jirgin manya a gefensu. In hadari ya haɗo, a fito. In kuɗin da aka samu bai isa sayen riguna ba, a tsaya a darasin iyo har sai ya isa. Shirin da ya tsaya a iyo kaɗai ma ya biya kuɗinsa.

Akwai kuma tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini, wadda ake ɗauka daga ruwan da ke kwance inda dodon koɗi ke zama. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar ta alamar balaga, alhali tana lalata mafitsara a hankali. Duk wanda zai kai yara tafki dole ya haɗa kai da likitar gundumar tun ranar farko, a riƙa gwaji, a riƙa ba da maganin praziquantel da ma'aikatan lafiya suka saba rabawa a makarantu, a kuma zaɓi wurin shiga da ba ciyayi. Yaran da ke cikin shiri za su fi samun kulawa a kan waɗanda ke wanka a ɓoye.

Kalmar kyauta ma tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne shirye-shirye da yawa ke yaudarar kansu. A birni, kyauta na nufin ba a karɓi kuɗin rajista ba. A Ɗan Issa, yammacin yaro dukiya ce ga gidansu. Shi ne mai kai awaki kiwo, mai ɗebo ruwa, mai tsaron tebur, ita ce mai tallar ƙosai ko fura da kuɗin cefanen dare ke fitowa daga farantinta. Idan aka ce ya tafi tafki, akwai abin da gida ya rasa, kuma gidan da ya fi talauci shi ya fi rasawa. In ba a yi lissafin wannan ba, za a wayi gari jirgin cike yake da 'ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwa, waɗanda dama ba su ne rami ke kira ba. Dole a ɗauki nauyin kai yara da dawo da su, domin ba wanda zai taka daga Ɗan Issa zuwa tafki ya dawo kafin duhu. Dole a ba su abin da za su sa a ciki, ko da kunu da ƙuli-ƙuli ne. Ba a tuƙi da yunwa. Kuma a tsara kwanakin da hankali, kwana biyu a mako da safiyar Asabar ko Lahadi, a sassauta lokacin shuka da girbi, kada a ci karo da makarantar allo ko Islamiyya. A gaskiya ma, almajirai da yaran da suka bar makaranta su ne ya kamata a fara nema, tare da 'ya'yan 'yan gudun hijirar da rikicin Zamfara da Katsina da Sakkwato ya koro zuwa jihar Maraɗi tun 2019. Ga wanda ya bar aji, sharaɗin shiga jirgi ya zama komawa karatu ko kama koyon sana'a.

'Yan mata fa? Ba za mu yi kamar ba mu san inda muke ba. Iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta shiga ruwa a gaban maza ba, kuma suna da hujjarsu. Amsar ita ce rana dabam, wuri a killace, malamai mata, da suturar da ta dace. Zai ɗauki lokaci kafin a samu matan da suka iya har su koyar, shi ya sa ya kamata a fara horar da su tun yanzu. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a ce ruwa na maza ne. Idan jirgi ya kife ba ya tambayar jinsi, kuma mata da yara ne suka fi yawa cikin gawarwakin da ake tsamowa, saboda su ne ba a koya wa ba.

Sai batun su wa za a damƙa wa yaran. Wannan ya fi sayen jirgi wuya. Masunci ya iya ruwa amma wataƙila bai iya bitar lissafi ba. Malamin koleji ya iya lissafi amma wataƙila bai taɓa shiga jirgi ba. A haɗa su. A ƙara da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi 'yan asalin yankin, waɗanda yaro zai kalla ya ga cewa ɗan ƙauyensu ma yana kaiwa can. Kowane babba a ba shi yara kaɗan da zai sani ciki da waje, ya san mahaifansu, ya riƙa duba takardar sakamakonsu. Kuma a faɗi abin da ba a son faɗa: duk inda aka tara yara, akwai mugun da zai nemi shiga don ya cuce su. Kada a bar babba ɗaya da yaro ɗaya a keɓe, kada a ɗauki wanda mai unguwa da limami da iyaye mata ba su shaide shi ba, kuma yara su san wurin wa za su kai ƙara ba tare da tsoro ba. Alawus ɗin waɗannan mutane, ko yaya ƙanƙantarsa, ya riƙa fita a kan lokaci. Aikin sa kai yana da iyaka ga mai iyali.

Matsalar tsaro gaskiya ce, kuma jami'an tsaro ne za su faɗi hanyar da za a bi da lokacin da za a dawo. Amma idan muka ce sai an gama da 'yan bindiga kafin a yi wa yara wani abu, to mun bar musu fagen ɗaukar ma'aikata.

Akwai waɗanda za su ji cewa tsere da hayaniyar yara ba su dace da ruwan da waliyyai ke kwance a gefensa ba, akwai kuma masuntan da za su ji tsoron a kore musu kifi ko a yaga musu taru. Duka biyun a zauna da su kafin a sa jirgi ɗaya a ruwa. A ware wa yara gefe guda nesa da kaburbura da wuraren kamu, a dakata lokacin ziyara. Mu a ganinmu tafkin ma zai amfana. Yashi da laka suna cike shi a hankali, ruwansa yana ja da baya sosai da rani, madatsar Jibiya da ke sama ta canza yadda ruwa ke gangarowa gulbi, sare itatuwa kuma na ƙara zaizayar ƙasa. Takardar Ramsar ba ta dasa itace. Yaron da ya girma yana tuƙi a kan ruwan nan shi ne gobe zai tsaya a majalisar gari ya ce ba a yi masa haka ba.

Wa zai biya? Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su, kuma mun san asusunsu ba ya da kauri. Tallafin ƙasashen waje ya ja baya. Amma wannan shiri ba ya cikin masu cin miliyoyi ɗari-ɗari. Jirage huɗu ko biyar na gida, rigunan kariya, igiya, rumfa da allo, hayar mota, abinci, da alawus. Maraɗi gari ne na Alhazai da aka san su da gina masallatai da ciyarwa da azumi. Ɗan Issa kanta tana da 'yan kasuwar da iyaka ta yi wa riga da wando, da waɗanda zinariya ta yi wa rana. Mutum ɗaya cikinsu zai iya sayen rigunan gaba ɗaya bai ji a jikinsa ba. Abin da muke gudu shi ne salon da muka saba gani: a zo da babban allo mai tambari, a yanka kyalle, a ɗauki hoto da yara sanye da riguna sababbi, bayan wata shida jiragen su ruɓe a bakin gaɓa saboda kuɗin aikin ya ƙare. Yaron da aka saba masa da babban da ke jiransa, sannan aka janye, ya fi wanda ba a taɓa kulawa da shi ba jin ciwo. In ba za a iya riƙe shi shekara uku ba, gara a fara da yara 30 maimakon 300.

Ma'aikatar matasa da wasanni da hukumar wasannin Olamfik ta Nijar suna da rawar da za su taka wajen horar da masu koyarwa, haka ma jami'an kashe gobara da ceto na Maraɗi, waɗanda su ake kira idan ruwa ya ci mutum. Zai fi musu sauƙi su koyar da iyo da su riƙa tsamo gawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yulin kowace shekara a matsayin ranar yaƙi da nutsewa, ranar da ke faɗowa tsakiyar damina, lokacin da yara ke hutu kuma kududdufai ke cike. Muna kira ga kantoman Ɗan Issa da na Madarunfa su kira zama da sarakuna, da shugabannin masunta, da sufetan makarantu, da likitar gunduma, da ƙungiyoyin iyaye, su fitar da wuri da sunayen masu koyarwa kafin wannan rana, domin rukunin farko na yara ya gama darasin iyo kafin a koma aji a watan Oktoba. Za mu aika wakilinmu ya ga ko an yi zaman.